Sarkin Noman da ke Cire Takalmi a Ruga

Kakana Malam Gado ya yi shekara ashirin da biyu yana Sarkin Noma a ƙauyenmu, kusa da Sabiyal. Babban aikinsa shi ne sa ranar sakin gonaki. Idan an gama yankan dawa, sai ya sanar da Fulani ranar da shanu za su shiga su ci kara, su bar mana taki.

Bai taɓa aika ɗan saƙo ba. Da ƙafarsa yake zuwa rugar Ardo Tamu, ya cire takalmi tun daga bakin shinge, ya tsuguna ya gaishe shi. Kakata Gwaggo Asabe takan ce masa, "Malam, kai ka sarauta ko Ardo? Kullum kai ad da durƙuso!" Sai ya yi dariya ya ce, "Gwiwata ba ta ƙarewa, Asabe. Zaman lafiya shi ka ƙarewa."

Shekara huɗu da suka wuce ya yi kuskure. Ya sa ranar Laraba, ya manta cewa masu gonakin bakin fadama sun riga sun yi gadajen irin albasa. Shanu suka shiga, suka tattake gadajen mutum tara. Kafin azahar samari sun fito da sanduna, za su rugar Ardo.

Kaka ya tare su a ƙofar masallaci. Ya cire rawaninsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Ni nis sa rana. Fulani ba su yi laifi ba. In duka za ku yi, ga ni."

Ba wanda ya taɓa shi, ba kuma wanda ya je ruga. Amma bayan mako biyu dattawa suka ce mutumin da ke tuɓe rawani a gaban yara ba ya iya riƙe jama'a. Suka naɗa Mukhtar, mai babbar murya.

Mukhtar ya ce shi ba ya tsuguna wa mai shanu. Bai sa rana ba a shekarar da ta biyo, bai sa ba a ta gaba. Mutane suka nome burtalin da shanu ke bi, suka dasa albasa a kai. Bara aka sare wa wani makiyayi saniya biyu, aka ƙone wa wani manomi rumbu.

Da kakar bana, Kaka ya ce in raka shi ruga, don idonsa ya yi rauni. Na riƙe masa hannu har bakin shinge. Ya sunkuya ya cire takalmi, ya yi sallama sau uku.

Babu kowa. Bukkokin sun rushe, ciyawa ta rufe turakun maruƙa. Wata mai itace ta ce mana Ardo Tamu ya kwashe iyalinsa sun yi kudu tun kafin damina.

Na ce, "Kaka, sa takalminka, akwai ƙaya."

Ya daɗe a tsaye da su a hannu kafin ya ce in kai shi gida.