Hancin Hala Hasina

A ƙauyenmu, tafiyar rabin awa daga garin Hajj Abdalla, babu wanda bai san hancin Hala Hasina ba. Hala muke ce mata, yadda ake kiran 'yar'uwar uwa, ko da yake yawancinmu ba mu haɗa jini da ita ba. Ni Ramla, katanga ɗaya ce tsakanina da ita tun ranar da aka kawo ni ɗakin aure, shekara goma sha tara ke nan.

Sana'arta gashin habiz, wato kahak da biskit ɗin da ake cika faranti da su ranar salla da ranar biki. Kowace mace ta iya kwaɓa fulawa da man shanu, amma gashi sai Hala. Ba ta duba agogo, ba ta buɗe tanderu ta leƙa. Tana zaune tana ba ki labarin wanda ya saki matarsa a Sinnar, sai ki ga ta ɗaga kai ta ja iska ta ce, "Tiren ƙasa ya yi, na sama da saura." Kuma haka za a tarar. Ta taɓa ƙwala mini kira ta bayan katanga wai albasata za ta ƙone, alhali ina tsaye a kan tukunyar da ludayi a hannu. Na ji haushi ranar, ba zan ɓoye ba. Albasar kuwa ta ƙone.

Da yaƙi ya iso yankinmu na Jazira muka watse. Su Hala suka yi shekara guda da 'yan watanni a Rusairis wajen dangi. Da aka dawo, sai gida ba ƙofa, madafa kuma an share ta tas. Tanderun gas ɗinta ya tafi, har da tirarruka, har da wuƙar yanka albasa.

Mijinta, Malam Salmanu, ya yi shekara talatin yana goya tankin feshin maganin ƙwari a gonakin auduga. Aikin ya bar masa tari, ya kuma ɗauke masa jin wari ɗungurungum. Ko mushen jaki zai wuce bai sani ba. Tun dawowarsu ba ya magana. Yana zaune a gindin darbejiya daga safe zuwa la'asar, hannu a kan gwiwa. Sai wata ranar kasuwa ya tashi ba sallama ya tafi Hajj Abdalla, ya dawo da barmil, irin gangar ƙarfen nan, a bayan amalanken jaki. Kwana shida yana yanka yana bugu. Ya kwantar da ita a kan ƙafafu huɗu, ya yi mata ƙofa, ya jera ƙarafa hawa biyu a ciki, ya yi wurin gawayi sama da ƙasa, ya shafe bayanta da baƙin fenti. Ran na bakwai na ji dariyarsa ta bayan katanga, dariyar da na manta yana da ita.

"Hajja, ga furun naki, ga tanderu," in ji shi. "Salla ba ta iske ki hannu sake ba."

Ina wurin aka hura wutar farko. Ƙarfe bai gama ɗaukar zafi ba warin ya fito, mai ɗan zaƙi-zaƙi, mai kama maƙogwaro. Na dubi Hala. Ba ta toshe hanci ba, amma fuskarta ta sauya.

"Malam," ta ce a hankali, "mi anka zuba cikin wanga barmil da?"

"Mai barmil ya ce mai ne. Na wanke shi sau uku da sabulu. Mi kika ji?"

"Wari kaɗan."

"Fenti ne, sabo. Ki ba shi wuta, shi tafi."

Da ya fita masallaci ta jawo ni gefe. Ta ce ta san warin nan tun tana budurwa. Warin gonar auduga ne, washegarin ranar da jirgin feshi ya wuce. Na ce to a fitar da shi waje mana, a ba masu tsohon ƙarfe. Ta dube ni kamar na zagi uwarta.

"Ya bitti, ɗiyata, kin ji shi yana dariya? In ce mishi dafi yak kawo min gida? Wuta tana cin komi. Mu ba ta lokaci."

Abu ɗaya ta rantse a kai: ba wanda zai ci abin da ya fito daga tanderun nan sai warin ya mutu. Daga nan aka shiga fama. Ta hura shi wayam kwana uku, har fentin ya tattashi. Ta goge cikinsa da toka da yashi. Ta cika shi da ɓawon lemun tsami. Ta soya 'ya'yan gahawa a ciki, gahawar da ko baƙo bai samu ba. Ni na ɗebo mata laka daga bakin magudanar ruwa muka shafe cikin, laka ta bushe ta tsattsage, warin ya biyo ta tsagar. Matan unguwa kuma kowacce da nata. Wata ta ce a yi masa turaren itacen ɗalhi, irin wanda ake yi wa amarya, wai babu warin da yake tsaya masa. Aka yi. Sai muka samu gonar auduga da aka yi wa kwalliyar biki, har kaji suka bar tsakar gidan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda take gwadawa. Ba ta da wani ma'auni sai wanda ta saba da shi. Kowace safiya, in ƙarfe ya yi zafi, sai ta durƙusa ta buɗe ƙofar, ta cusa fuska ciki ta ja numfashi mai tsawo, sau biyu, sau uku. Ta miƙe idanu jawur ta ce, "Ya ragu kaɗan." Bai ragu ba. Na ce mata ta bari, na roƙe ta, har na yi mata tsawa kamar ba babba ba. Ta ce to da mi za ta san ya tafi? Asibitin da za a tambaya ba likita, wani tanderun kuma babu shi a ƙauyen, kowa haka ya tarar an kwashe masa gida. Na koma ɗaki na yi kuka don takaici.

Salla tana matsowa, mata suna ta aiko da tambaya. Ibtisam, 'yar limaminmu, za a ɗaura mata aure bayan salla da kwana uku, uwarta ta ce ita dai habiz ɗin Hala take so. Hala tana ce musu, "Insha Allahu, kwana kaɗan." Malam Salmanu kuwa kullum yana kawo gawayi, yana bubbuga ƙofar tanderun yana gyara mata zama.

Saura kwana huɗu salla, da hantsi, na ji muryarta ta bayan katanga.

"Ramla! Ramla, taho! Halas, an gama, warin ya tafi!"

Na saka mayafi na zagaya da gudu. Tun daga ƙofar gida warin ya tare ni, yadda yake ranar farko, ko ma ya fi. Na same ta tsaye a madafa, ta juya wa tanderun baya, fuska cike da murna. Ta ce tun jiya ta ji shiru, yau ta sake gwadawa ba komi, shi ne ta kwaɓa 'yar fulawa ta saka tire ɗaya na gwaji. Tana ta lissafa mini gidajen da za ta fara aika wa su kawo kwaɓinsu. Ban san ta inda zan fara ba.

Sai wani wari na biyu ya shigo kan na farko. Ƙauri. Na jira ta ɗaga kai. Ba ta ɗaga ba, tana ta maganar uwar Ibtisam. Hayaƙi ya fara fita ta gefen ƙofar tanderun, siriri, sannan ya yi kauri, ya zo ya wuce ta kafaɗarta. Da ido ta gan shi.

Ta juya ta fizgo tiren da tsumma. Kahak goma sha biyu, baƙi ƙirin. Ta ɗauki ɗaya, da zafinsa, ta kai hanci. Ta ja numfashi. Ta sake ja. Ta daɗe a haka.

"Ramla," ta ce, ba ta dube ni ba, "ƙauri yake yi?"

"E, Hala."

"Ɗayan fa?"

"Yana nan, Hala."

Ta ajiye kahak ɗin a kan tire, ta goge yatsu da bakin zanenta. A daidai nan Malam Salmanu ya leƙo da buhun gawayi a kafaɗa, ya ji kiran da ta yi mini ɗazu, bakinsa har kunne.

"Hajja, ban ce miki ba? Na ce ki ba shi wuta. Ya tafi ko?"

Ta matsa ta tsaya tsakaninsa da tiren.

"Ya tafi, Malam," ta ce. "Ba ni jin komi."