Ranar Ƙarshe da Ya Buga Wasa

A shekarar da ƙanena ya bi hanyar hamada muka daina jin ɗuriyarsa, ina wani aiki ta intanet wanda har yau Mma, mahaifiyarmu, ba ta yarda aiki ba ne. Wani kamfani na waje ke turo mini bayanan kayan aikin da manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira ke amfani da su. Nawa shi ne in karanta, in gwada, in faɗa ko bayanin ya isa manhajar ta gane me za ta tambaya, me kuma amsar ke nufi. A barandar gidanmu na Zongo, nan Togo, nake yi, kusa da Mma da tiren kayan miyarta.

Wata ranar da hantsi aka turo mini bayanin wani kayan aiki na neman ɗan wasa. Ka ba shi laƙabin da mutum ke buga wasan ƙwallo na intanet da shi, ya fito maka da matsayinsa, da ƙasarsa, da ranar ƙarshe da ya buga. Bayanin tsaf, babu kuskure ko ɗaya, har na ɗaga hannu zan ba shi cikakken maki. Saura gwaji. Laƙabi ɗaya tak na sani a duniyar nan, na ƙanena, don ya cika mana kunne da shi.

Na rubuta. Ƙasa: Togo. Wasan ƙarshe: jiya.

Ni mai gaggawa ce, kowa a gidan ya sani. Kafin in yi tunani na kwatsa ihu, "Mma, yana raye! Jiya ya buga wasa!" Ta zauna daɓas a ƙasa, tattasai ya watse, tana ta Alhamdulillahi.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Na koma na karanta bayanin, na sake karantawa. Ƙasar da ya zaɓa ranar da ya yi rajista ake nufi, ko inda yake yanzu? Bai faɗa ba. In yana Togo, me ya hana shi zuwa gida? Na tashi, na zauna, na ɗora ruwa a wuta na manta da shi. Daga ƙarshe na tari babur zuwa unguwar Amoutivé, ɗakin wasan bidiyo da yake yini a da.

Mai ɗakin, abokinsa ne tun suna makaranta, ya saurare ni yana sosa ƙeya.

"Yaya, ki yi haƙuri," ya ce. "Compte ɗin nan, wato sunan da yake wasa da shi, ai ya bar mana shi da zai tafi. Nan haka muke yi, wanda ya yi nisa a wasa ba ya barin compte ya mutu. Mu da yawa muka san lambar sirrin."

"To jiya wa ya buga?"

"Wallahi ban sani ba. Ko mu, ko shi."

Na ji kamar in kife masa talabijin ɗin. Maimakon haka na roƙe shi ya hana kowa taɓawa. In sunan ya motsa bayan sun daina, to ƙanena ne.

Suka daina. Ni kuma na zama abin tausayi. Ina alwala ina tunanin allon, ina tuƙa tuwo waya na hannun hagu. Mma kuwa kullum da safe, kafin ma in gaishe ta, "Ya buga?" Sai in ce ana dubawa. Ranar wasan ƙarshe ba ta gusa ba. Tana nan inda mutanen ɗakin wasan suka bar ta.

Cikin wannan halin na rubuta wa kamfanin hukuncina, da zafi. Na ce bayanin kyakkyawa ne amma bai isa ba. Bai faɗa cewa motsin suna yake nunawa ba, ba motsin mutum ba. Wanda ya rubuta shi ya ɗauka ko'ina mutum ɗaya ne da suna ɗaya. Manhajar da ta dogara da shi za ta gaya wa uwa ɗanta na raye, kuma ba za ta san ta yi ganganci ba.

Sannan na gaya wa Mma gaskiya, duka. Na shirya wa kuka. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon ƙofa, sai ta ce in miƙo mata mayafi, in kai ta wurin.

Matar da a da ko sunan ɗakin wasa ba ta son ji, ita ce ta tsaya a bakin ƙofarsa. Samari suka rage sauti, suka miƙe.

"Ɗana," ta ce wa mai ɗakin, "ku koma ku buga."

Na ce, "Mma, in suka buga ba za mu taɓa sanin ko shi ne ba."

"Shi ma yana iya dubawa daga can, ko ba haka ba?"

Mai ɗakin ya ce haka ne.

"To kada ya duba ya tarar an yi shiru. Ku buga masa kullum."