Jegon da Na Yi wa Fulawar Inna

Ranar da Inna za ta tafi Faskari zaman jegon ƙanwata, ɗan kabu-kabun da zai kai ta tasha ya gaji da matsa hon a ƙofar gida, ita kuwa tana tsugune gaban wani tsohon bokitin fenti da fulawarta ke ciki tana bar mini sallahu kamar mai tafiya Makka. Ruwa da hantsi za a ba ta, ba da sassafe ba. Kada a bar akuya ta shigo. Kada yara su taɓa. Sannan ta sa ɗan yatsa ta ɗaga wani reshe, ta nuna mini kawunan fure guda uku a dunƙule, kowanne bai wuce ƙwayar gyaɗa ba.

Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kama sunana, ba ta ma cika duban idona in tana magana ba. Ran nan kuwa ta dube ni sosai.

"Ke, amana ce na bar miki. Ɗari na tahowa."

Na ce to. A raina kuwa na ce ikon Allah, jikoki huɗu a gidan nan babu wanda aka bar mini amanarsa sai itace.

Fulawar Malam take ce mata, Malam ɗin kuwa Babanmu ne, Allah ya jiƙansa. Shi ya kawo reshen daga Kudu zamanin da yake bin motocin hatsi, ya dasa a bayan ɗakinta kusa da rijiya, a ƙauyenmu na wajen Sabuwa. Can ko'ina itatuwa ne, mangwaro ya kare ta ta gabas, katanga ta kare ta ta arewa, har fulawar ta fi mutum tsawo. Furenta ja ne jawur, faɗin tafin hannu, yini ɗaya yake yi ya faɗi. Ba a miya da ita, ba a magani da ita. Bayan rasuwar Baba ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyen, har aka watse. Inna ta bar kwallayenta da keken ɗinkinta, ta haƙo wani ɗan tsiro daga gindin uwar ta sa a bokiti, ta rungumo shi a bayan mota har gidana a Kankara. Daga baya muka ji an cinna wa gidan wuta. Abin da ya rage mata na shekara arba'in da wani abu da ta yi a gidan, shi ne abin da ke cikin bokitin nan. Shekara biyu tana wurina ba ta taɓa ko alamar fure ba, sai yanzu da mai ita za ta yi kwana arba'in ba ta nan.

Gidana a bakin gari yake, bayanmu fili ne fetal, gonaki an gama girbe su. In iskar ɗari ta taso babu abin da ke tare ta. Sati ɗaya da tafiyar Inna aka tashi da wani sanyi mai sa mutum ya yi shawara da kansa kafin ya taɓa ruwan alwala. Yara suka fara tari, leɓuna suka tsage. Na fito da safe na tarar da ganyen fulawar ya yi laushi ya sunkuya, na ƙasa sun soma rawaya.

Na janye bokitin zuwa lungun katanga. Washegari na ga wurin ba ya samun rana, na mayar da shi tsakar gida. Da la'asar iska ta taso na sake janyewa. Haka na yi ta yawo da shi kamar kyanwa da 'ya'yanta, har bayana ya ƙage. Na yafa mata tsohon zanena, iska ta kwashe ta rataye a kan dangar maƙwabta. A kwana na goma sha ɗaya na duƙa zan ba ta ruwa, sai na ga kai ɗaya a ƙasa. Na ɗauka na juya shi a hannu, lafiyarsa lau, kore shar, kawai ya saki reshen ne. Saura biyu.

Kullum bayan azahar Inna sai ta sa an kira mata ni a wayar ƙanwata, in an samu sabis. Za ta tambayi baban yara, ta tambayi yara a dunƙule, sannan ta ce, ita fa? Ran nan na ce tana nan lafiya. Ta ce kawunan sun ƙara girma? Na ce sun ƙara. Ban yi ƙarya ba, biyun da suka rage sun ƙara, har bakin ɗaya ya soma nuna ja. Na dai ƙi yin lissafi, ita ma ba ta nema ba. Ƙanwata ta karɓi wayar ta ce mini tun zuwan Inna Kankara ba ta ga tana cin abinci da marmari irin na kwanakin nan ba, kowa ya zo barka sai ta ba shi labarin fulawar Malam za ta yi fure. Da na ajiye wayar sai da na zauna a kan turmi.

Baban yara manomi ne, kuma ya faɗa mini abin yi tun farko. Ya ce masu lambu a fadama karan dawa suke kafawa ta inda iska ke zuwa, su bar shuka ta ji da kanta, kuma in daina jan ta nan da can. Ni kuwa da na ga yana maganar yana murmushi, yana cewa ko za a kai ta asibiti a ba ta gado, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa tumatir daban, fulawar Kudu daban, ya je ya ji da masararsa. Ya ɗaga kafaɗa ya fita. Halina ke nan tun ina yarinya, in aka haɗa mini gaskiya da dariya, duka biyun nake zubarwa.

Wadda na saurara ita ce Gwaggo ta gidan da ke jikin namu, tsohuwar ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin yaran unguwar. Ta shigo karɓar wuta ta same ni tsaye a kan bokitin. Ta duƙa ta duba, ta ce ai wannan mai ciki ce, kuma duk abin da ke shirin haihuwa babu abokin gabarsa kamar sanyi. Mace in sanyi ya shige ta a jego, ta gama lafiya. 'Yan tsaki ma a ɗari kasko ake sa musu. Ta ce in ba ta ɗumi, in daina ɗura mata ruwan randa mai kama da ƙanƙara.

Wallahi maganar ta zauna mini daram. Mu dai abin da muka sani ke nan: sanyi, wuta ce maganinsa. Tsoho kasko, jariri kasko, maijego ruwan zafi safe da yamma. A daidai lokacin ma Inna na can Faskari tana tafasa wa ƙanwata ruwan wanka da ganye. Me zai hana ni yi wa amanarta irin gatan da take yi wa 'yarta?

Da aka idar da sallar asuba, lokacin da sanyin ya fi cizo, na shigar da bokitin ɗakin girki. Na kife shi da babban kwandon da muke rufe kaji, na ɗebo garwashi kaɗan a ƙaramin kasko na tura ciki ta gefe, na lulluɓe kwandon da bargo, yadda muke yi in za mu turara kaya. Da rana ta fito na buɗe. Ganyen ya yi taushi, ɗumi na tashi daga ƙasar bokitin, sai na ga kamar har ta miƙe. Na ba ta ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ran nan da Inna ta kira, har da cika baki na yi, na ce mata gatan da fulawarta ke samu ko ƙanwata albarka. Ta yi dariya, ta sa mini albarka. Ba ta tambayi wane irin gata ba, ni ma ban faɗa ba.

Kwana biyu ina haka. A na uku aka yi sanyin da ya fi na kullum, har akuyoyi suka ƙi fitowa daga turke. Na ce yau kam sai an ƙara. Na cika kaskon da garwashin gawayi mai kyau, na ƙara buhu a kan bargon don kada ɗumin ya tsere, na kuma tsiyaya mata sauran ruwan da na dafa wa yara na wanka, wanda ni da kaina sai da na sirka kafin na sa musu. Daga nan koko ya ɗauke mini hankali, wannan ya ɓatar da takalmi, wancan ya ƙi shafa mai, aka yi sallama ana neman aron turmi. Ban tuna ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Tun kafin in yaye bargon na ji warin, irin na rama in an dafa ta za a yi kwaɗo. Ganyen duk ya yi baƙi-baƙi ya lanƙwashe, ya manne a jikin rassan. Kan da ya soma nuna ja na taɓa shi da ɗan yatsa, ya biyo hannuna, lugub. Ɗayan ma haka. Na ce innalillahi, na zauna a ƙasan ɗakin girkin cikin toka na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba. Garin neman gira na rasa ido.

Saura kwana goma sha tara Inna ta dawo, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo da gajarta a lokaci guda irinsu ba. Ganyen ya bushe ya zube, aka bar sanduna tsirara a bokiti. Baban yara bai ce mini ai na faɗa miki ba, da ya faɗa ma da na samu wanda zan yi wa faɗa in huce. Sai kawai ya kawo kara ya kafa a lungun da rana ke faɗawa, ya ajiye bokitin a ciki. Na roƙe shi ya shiga Funtuwa ya nemo mai irinta mu musanya. Ya ce Inna ta san kowane reshe kamar yatsunta, kuma shi ba zai hau wannan hanyar don ya sayo ƙarya ba. Gwaggo kuwa ta leƙo ta ce ai na cika wutar ne, ita kaɗan ta ce.

Waya ta zama mini dodo. In ta yi ƙara bayan azahar sai in shiga neman dabara. Wata rana in ce wa yara su ce ina wanka, wata rana in ɗauka in yi ta alo, alo, kamar sabis ne ya yanke, alhali ina jin numfashinta tar. Sau biyu na shirya zan faɗa. Sai in tuna maganar ƙanwata cewa tana cin abinci, in haɗiye. Tsorona ba faɗa ba ne, Inna ba ta faɗa. Tsorona ta koma yadda ta zo mana shekarar farko, tana zaune a bakin ƙofa da carbi, a ajiye mata tuwo a ɗauke shi yadda aka ajiye. Ga kuma fargabar hanya, don tsakanin Faskari da nan ba a shiga mota sai da addu'a. Ina roƙon Allah ya kawo ta lafiya, ina kuma jin tsoron isowarta. Na rame har maƙwabta suka fara yi mini kallon mai ƙaramin ciki.

Ta iso wata Laraba da azahar, da ƙullin tsarabar suna a ka. Yara suka rufe ta. Ko ruwa ba ta sha ba ta soma waige-waige a tsakar gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, kwandon da bargon da kaskon da ruwan zafin, har da alo, alo ɗin da nake yi mata. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta wuce ni ta shiga bayan karan, ta tsuguna.

Ta daɗe a wurin. Ta bi sandunan ɗaya bayan ɗaya tana karyawa, suna ƙas, ƙas, busassu. Da ta zo can ƙasa kusa da gindi, ta kankare bawon da farce ta kai ido kusa. Daga inda nake ban ga abin da ta gani ba, fuskarta kuma ba ta gaya mini komai ba. Sai ta ce a miƙo mata wuƙa da fartanya.

Ta datse duk abin da ya mutu, aka bar ɗan kututture bai fi tsawon yatsa biyu ba. Ta soma haƙa a nan lungun, jikin katangata. Na ce ta kawo in haƙa, ta ƙi. Ta ce bokiti ba ya riƙe ɗumi, sanyi ta ko'ina yake shigarsa, ƙasa ce ke rufa wa saiwa asiri. Ta ce ta san haka tun ranar da ta zo.

Sai a lokacin na gane abin da ya sa shekara biyu ba ta taɓa fitar da ita daga bokitin ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Abin da ke bokiti ana iya ɗaukarsa a sa a mota.

Na ce, "Inna, in kika dasa ta a nan, ranar komawa gida fa?"

Ba ta ɗago ba. Ta kwantar da bokitin, ta bubbuga gindinsa, ƙasar ta fito a dunƙule da saiwoyi sun nannaɗe ta. Ta sa a ramin da hannu biyu, ta tura ƙasa, ta danna da tafin hannu.

"Wane gida?" in ji ta. "Ɗebo mini ruwa. Na randa."

Na tafi na ɗebo.