Waken Da Na Gasa Wa Malamar Jami'a

Ku matso, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, abin da hannuna ya aikata ne. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini.

A wancan lokaci ina da wani jan wake mai nuna da wuri, gadon mahaifiyata. Duk ƙauyenmu, can gefen Gwiwa, ni kaɗai ke da shi, ina ɓoye irin cikin toka a tulu, ban taɓa ba kowa ba. Wata rana mai unguwa ya shigo da wata malama daga jami'a. Ta durƙusa ta kira ni Iya, ta ce suna tattara tsofaffin iri ne su adana a ɗakin sanyi kada su ɓace, tafi ɗaya kawai take roƙo. Na tambaye ta yaushe 'yan boko suka fara son kayan tsofaffi. Ta yi dariya, dariyar ma ban yarda da ita ba. Dama ana raɗe-raɗi a kasuwa cewa in sun karɓi iri sai su kashe masa haihuwa, su dawo su sayar mana. Baƙuwar mai unguwa ba a hana ta, sai na ce ta dawo washegari. Na ɗora kasko, na gasa waken cikin yashi, daidai yadda zai mutu launinsa bai sauya ba. Ta karɓa da hannu biyu.

Sau biyu tana dawowa, wai nawa ya ƙi tsirowa, ko zan ƙara mata. Na ce ya ƙare.

A damina ta uku bayan haka na shuka, ruwa ya ɗauke. Na sake shuka ragowar, ita ma ta ƙone. Tulu ya koma toka zalla. Da malamar ta ji halin da muke ciki, sai ga ta da jakunkuna, kowa ta mayar masa da irinsa. Ta iso ƙofata hannu wayam, tana ba ni haƙuri, wai ita ce ta kasa riƙe amanata. Na bar ta ta tafi da laifin da ba nata ba.

Mai unguwa ya rasu bai sani ba. Malamar, an ce aiki ya kai ta wani gari. Maƙwabta suna shuka gadonsu, ni kuwa a kasuwa nake awon wake. Ku ji tsoron zato, 'ya'yana. In ba ku yarda ba, ku tambaya, ko ku ce a'a a fili. Ke kuma 'yata malama, in wannan ya iso gare ki, ba ɗakin sanyinki ne ya kashe waken ba, kaskona ne. Ki yafe mini.