Juma'ar da Na Ƙosar da Nijma

Cikin shekara ashirin da 'yan kai da na yi ina kiwon karnukan farauta, akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da na yi wayo, wayon ya juyo ya ci ni. Tunda yanzu ku ne masu kiwon, igiya tana hannunku, bari in ba ku labarin, ko ba ku ƙaru ba kwa yi dariya.

Lokacin sojoji ba su fi shekara huɗu da karɓar mulki ba. Ina aiki a gonar Haj Ɗahir, yamma da Umdurman, can inda kwalta ke ƙarewa a faɗa rairayi. Haj ɗan kasuwa ne, yana da shagunan yadi a Kasuwar Umdurman, amma zuciyarsa tana gona wurin karnukansa. Ni kuwa iyayena auduga suka tsinta a Jazira har ƙarfinsu ya ƙare, na taso na ce ni da gonar auduga sai dai kallo. Sai ga ni a wata gonar, ina yi wa karnuka tara hidima.

Sulugi ne dukkansu, wato dogon karen nan siriri mai faɗin ƙirji da lafaffen ciki, wanda baƙo ke gani ya ce muna kashe shi da yunwa. Da an sallame asuba sai in fita da su gudu. In mun dawo in jiƙa musu kisra, gurasarmu ta dawa, da madara, in duba ƙafafu, in ƙunsa wa mai tsagewa lalle don tafin ya yi tauri. Wannan duk mai sauƙi ne. Aikin gaske shi ne horo: ka saki kare da bisimilla, ya kama zomo, ya riƙe maka bai ci ko loma ba. In ya ci, to kansa ya kama wa, naman bai halatta gare ka ba. Kafin ka hana mayunwacin kare cin abin da ke bakinsa sai ka yi shekara kana fama. Kuma dole da yunwar ake fita, domin ranar farauta ba a ba kare komai. Ƙosasshen sulugi ko kunkuru sai ya ba shi wahala.

A cikin taran, Nijma ce tawa. Ba wai mallakata ba, ta Haj ce, amma ni na raine ta da cokali bayan uwarta ta mutu, ni na hore ta. Karya ce 'yar ƙarama, launin ƙasa, ba ta da wani kyan gani. Sai dai ba ta taɓa sa haƙori a naman da ta kama ba, kuma daga ita muke sa ran samun iri. Mai kyan gani shi ne Basha, fari tas, dogo, yana tafiya kamar ango. Gudu kam ba a magana, amma ɓarawo ne na ƙin ƙarawa. Kafin ka iso ya cinye rabin zomo yana kaɗa maka wutsiya.

Wata Laraba cikin sanyi Haj ya iso gona fuskarsa ba walwala. Ya kira ni gindin bishiya ya ce, "Harun, jibi Juma'a muna da baƙo. Akid ne. Mun haɗu a wani ɗaurin aure, bakina ya zame na ce masa ya zo ya zaɓa."

Akid shi ne Kanar, kuma a shekarun nan in mai wannan muƙami ya yi tari, unguwa ce ke kama mura. Ga shi a al'adarmu ba a sayar da sulugi, kyauta ake yi, kuma mai gida in ya furta "zaɓi", ya furta ke nan, ko da baƙon talaka ne.

Na ce, "Ya Haj, to Nijma fa? In kai ta unguwar Kalakla wurin ƙanina ta kwana biyu?"

Ya ce, "La, la, a'a. Na riga na ce masa tara ne. Kana so ya ƙirga takwas ya tambaye ni ina ɗayar? Allah ya sa ya ga Basha ya ruɗe, halas, shi ke nan."

Ni ban iya barin abu ga addu'a kaɗai ba, wannan halina ne. Ranar Juma'a da sassafe na ja Nijma bayan rumbu, na cika mata kwano da tuwon asida da madara, har da 'yan dabino. Ta kalle ni kamar tana tambaya ko lafiya, sannan ta share kwanon. Ammi Jibrin, tsohon da ke kula da awakin gonar, ya leƙo ya gan mu. Ya ce, "Yau sallar karnuka ce, ko kuwa kai ne ka fara taɓuwa?" Na ce masa ya ji da awakinsa. Ya tafi yana cewa, "Garin neman gira dai."

Bayan la'asar sai ga boksi, wato motar a-kori-kura, ta tsaya. Akid ya sauko cikin jallabiya da rawani, ba kaki, mutum ne shiru-shiru mai furfura a gemu. Aka sha jabana, wato gahawa, sannan na jera karnuka. Na tura Basha gaba ina ta zuba masa kirari da Larabci, har ina ƙara abin da bai taɓa yi ba. Nijma kuwa na ɗaure ta can ƙarshe, na tsaya a gabanta. Akid ya shafa wuyan Basha ya ce, "Ma sha Allah." Raina ya yi fari.

Sai ya ce a gwada biyu a fili: Basha, da waccan da nake tare wa rana.

Muka fita bayan gona. Zomo ya tashi daga gindin wata ƙaya, na yi bisimilla na saki. Basha ya tafi kamar kibiya, Nijma ta bi baya tana rangaji kamar mai tsohon ciki. Basha ya kama, kuma kamar yadda ya saba, nan take ya zauna zai fara walima. Ashe abin bai ƙare ba. Nijma ta iso tana haki, ta yi masa gurnani guda, ya saki. Ta ɗauko zomon ta kawo gabana ta ajiye, ta kwanta. A duk rayuwata ban taɓa jin alfahari da haushi lokaci ɗaya irin na ranar ba.

Akid ya tsuguna ya taɓa cikinta, ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, wa ya ciyar da ita ranar farauta?"

Na ce, "Janabu, ranka ya daɗe, ina jin sata ta yi."

Ya ce, "Karyar da ba ta ci zomo a bakinta ba ita ce za ta saci asida?" Haj ya soma tari. Akid ya miƙe yana kaɗe jallabiya ya ce, "Ƙosasshe in bai ci ba, ba shaida ba ce. Zan dawo Juma'a mai zuwa. A bar ta da yunwa."

Makon nan ban ji daɗin komai ba. Na yi tunanin in lalata mata horo, in riƙa jefa mata ɗanyen nama tana ci. Har na yanko, na tsaya da shi a hannu, na kasa. Aikin shekara guda ne, kuma ita ba ta yi mini laifin komai ba. Ammi Jibrin kuwa kullum in ya wuce sai ya tambaye ni ko akwai sauran asida.

Juma'a ta zo, Akid ya zo. Nijma da yunwarta ta tashi zomo, ta juya shi sau biyu, ta kama, ta kawo ko gashinsa bai tashi ba. Haj ya dube ni ya gyaɗa kai, domin mai horo ne ke miƙa igiya da hannunsa. Na miƙa. Wallahi ban ji kunyar hawayen da suka zubo mini ba.

Akid ya karɓa, ya ce, "Ka iya aikinka, ya Harun, ba za ta wulaƙanta a wurina ba." Sannan ya yi murmushi. "Ka san farin nan na yi niyyar ɗauka? Namiji na zo nema. Amma ni ɗan makiyaya ne, cikin karnuka na girma. Mahaifina ya ce in ka je zaɓen kare kada ka kalli karnukan, ka kalli mai kiwonsu. Bakinka yana kan farin, jikinka duk yana kan wannan."

Boksi ta tashi da ita a baya, tana tsaye tana kallona har suka sha kwana. Na juyo na tarar da Basha ya tsinke igiya yana cikin kwanon madarar 'yan awaki.

To, abin da na koya ke nan. A wannan sana'a kare ba ya ƙarya, kuma mai kare ma bai iya ta ba, sai dai ya ɗauka ya iya. Mutanen farauta, ko da kaki ko da jallabiya, idonsu ɗaya ne. Da na jera Nijma a tsakiya na yi shiru, da ta tsufa a gonar nan. Shekara guda na yi ina koya mata ta riƙe abin da take so ba tare da ta nuna kwaɗayi ba, ni kuwa ko yini ɗaya ban iya ba.