Dabo Taliya da Addu'ar da Ya Saba Yi

Ranar Lahadi ce, kafin azahar, janareto yana ta kuka a bayan rumfa, sai Huseina ta zo bakin gidan kallon ƙwallo na mahaifinta ta tsaya. Mata ba sa shiga wurin, don haka daga waje ta yi sallama, har sau biyu kafin Dabo ya jiyo ta. Ya fito yana waiwaye, don bai gama gardamar da yake yi da mutanen ciki ba. Ta miƙa masa wayarta.

"Baba, Najib ne ya turo saƙon murya. Amma ba da lambarsa ba."

Dabo ya karɓa da fara'a. Tun farkon damina ɗansa Najib ya tafi gwajin ƙwallo Legas, kuma ya daɗe bai kira ba, don ya ce a sansanin ana karɓe musu waya. Abdulbasit direba, abokin gardamar Dabo na shekara da shekaru, ya biyo shi waje don kada zancen ya huce. Ya leƙa fuskar wayar ta saman kafaɗarsa. Mutum ne da ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa Damagaram da Agadas, bakinsa kuma ba ya hutawa.

"Taliya," ya ce a hankali, "lambar Legas ba ta farawa da biyu, ɗaya, takwas. Wannan ta Libiya ce."

Dabo bai danna saƙon ba. Ya laluba bencin da ke gindin darbejiya ya zauna, wayar tana hannunsa kamar garwashi.

Duk wanda ya san Unguwar Ɗinya, wani ƙauye a ƙasar Kunci, ya san Dabo Taliya. A can gona tana jingine da gona, babu sauran dajin da mutum zai sara. Iyakarka da maƙwabcinka layin gamba ne kawai. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gonarsa shida, abin da ya faɗo wa Dabo bai fi a tsaya a wannan baki a yi magana da na wancan bakin ba. Shi ya sa yana saurayi ya shiga Kano, ya sami aiki a wani kamfanin jima a Calawa, a kan injin da ke kankare fata.

A kamfanin akwai wani Ba'italiye mai gyaran injuna. Kullum da rana sai ya kunna ɗan risho a bayan ɗakin gyara ya dafa taliyarsa da tumatirin gwangwani da ake aiko masa daga gida. An yi, an yi ya ɗanɗana tuwo, ya ƙi. Ranar Lahadi yakan buɗe ƙofarsa ga duk mai son kallon ƙwallon ƙasarsu, amma a cikin ma'aikata Dabo ne kaɗai ya lizimci zuwa. A nan ya koyi kallon mai tsaron baya, ba mai cin ƙwallo ba. Wata rana aka ji wani kamfani a Ingila ya nemi Baturen da aiki ya ƙi. Dabo ya tambaye shi dalili. Ya amsa da guntuwar Hausarsa: "Ingila ruwa, ruwa. Babu rana. Babu Mama." Da kwantiraginsa ya ƙare ko kwana bai ƙara ba, ya koma gida. Bayan 'yan shekaru kamfanin ya rage ma'aikata, Dabo ma ya koma nasa gidan, da sunan Taliya da abokan aiki suka laƙaba masa, da son ƙwallon da babu wanda ya damu da ita a ƙauyensu.

Ya yi noma, gero da dawa da gyaɗa da wake a tsakani, yana sayo taki yana zubawa, don ƙasar ta gaji. Daga baya ya kafa rumfar kwano a bakin hanya, ya jera benci, ya sa talabijin biyu. Babbar ta gasar Ingila ce, don ita samari suke biya su kalla. Ƙaramar kuwa ta Italiya ce, ko da dattawa uku ne a gabanta, biyu suna gyangyaɗi.

Duk lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan wasa, gardama ɗaya ce take dawowa, kuma Abdulbasit ne yake tono ta.

"Taliya, ga Faransawa nan an kwaso, ga 'yan Sifen, ga 'yan Brazil. Ina naka? In da sun iya da an saye su. Kaya mai kyau ba ya kwana a kasuwa."

"Kai da ba ka san dawan garin ba. Ƙwallon Ingila kare ne da zomo, a yi ta gudu har numfashi ya ƙare. Ta Italiya dara ce, sai ka zauna ka yi tunani. Ka taɓa ganin gwanin dara ya shiga langa?"

"To, su zo su koya mana darar mana."

"Wanda ubansa yake da rijiya ba ya yawon roƙon ruwa. Suna da manyan ƙungiyoyinsu a gida, ga yarensu, ga girkin uwarsu. Kuma ka lissafa 'yan kaɗan ɗin da suka je, nawa ne suka daɗe? Shekara ɗaya, biyu, sai ka ji sun tattara."

Samari su yi ta ihu suna cewa taliya ba ta riƙe ciki. Shi kuma sai ya ɗaga yatsa ya kawo maganarsa ta ƙarshe, wadda yara har sun haddace. Ya ce gero ake dasawa. Ka cire shi a nan ka kafa a can, in da ruwa ya kama. Amma Ba'italiye gyaɗa ne, in ka tumɓuke ta ka kashe ta. Daga nan sai ya rage murya: "Ƙasar da 'ya'yanta ba sa barin ta, akwai abin da Allah ya binne a cikinta."

Ba don Italiya yake faɗar wannan ba. Yana faɗa ne yana duban samarin da ke kan benci, waɗanda da an yi girbi za su watse, wasu acaba a Legas, wasu tura baro a Abuja. Wa'azi yake musu a fakaice, su zauna su riƙe ɗan abin da suka gada. Kuma a cikinsu wanda ya fi so ya ji shi ne Najib, ɗansa namiji tilo, wanda ke zaune kusa da ƙaramar talabijin tun bai iya ɗaura wando ba.

Najib ya tashi lamba biyar, wato mai tsaron baya. Dabo da kansa ya koya masa, a filin bayan firamare: kada ka zube ƙasa, tsaya, dubi ƙugun mutum ba ƙafarsa ba, bari shi ya fara yin kuskure. A wannan filin ne Dabo ya samo wata al'ada. Duk yaron da ya ƙwace ƙwallo tsaf ba tare da ya taɓa ƙafar kowa ba, sai ka jiyo muryarsa daga bakin fili: "Allah ya kai ka Italiya." Maganar ta bi bakinsa har ta bar fili. Mai shayi in ya haɗa da kyau, Allah ya kai shi Italiya. Jakin da ya kawo taki bai yi gardama ba, shi ma haka. Mutane su amsa da amin suna dariya.

Da Najib ya zo da zancen wani mutum a Kano da zai kai su gwaji Legas, Dabo bai so ba, don an yi shuka ga noma a gaba. Suka daidaita a kan sai an gama noman farko. Yaron ya yi noman nan kamar ba gobe, bai bar ko ciyawa ɗaya ba. Ranar tafiya da safe, a bakin hanya, ga mota tana jira, ga 'yan rakiya, ya durƙusa a gaban ubansa ya ce, "Baba, a sa mini albarka." Dabo ya ɗora hannu a kansa. Ya ji idonsa yana neman kawo ruwa a gaban mutane, sai ya nemi mafaka a wasan da ya saba. Ya ce, "Allah ya tsare. Allah ya kai ka Italiya." Kowa ya yi dariya. Najib bai yi ba. Ya ce amin, ya sake cewa amin, kansa a sunkuye.

Wannan amin ɗin ce ta faɗo wa Dabo a gindin darbejiya. Ya miƙa wa Huseina wayar ya ce ta danna.

Muryar ta fito a dishe, da iska tana kaɗawa a bayanta. "Baba, ina wuni. Ku yafe mini, ba Legas na tafi ba. Ina bakin teku, lafiyata ƙalau, na ɗan rame ne kawai. An ce gobe ko jibi za a tura mu a jirgin ruwa. Baba, kai ka ce ƙasar da 'ya'yanta ba sa barin ta akwai abin da ke cikinta, kuma ka ce a can ne ake ganin girman ɗan baya. Zan je in gani. Ban tafi da saɓonka ba, kai ka sa mini albarka da bakinka, a gaban mutane. Ita nake riƙe da ita. A gaida Inna, a ce kada ta yi kuka. In na sauka zan kira."

A cikin rumfa wani ya ci ƙwallo, samari suka ɗauki sowa. Abdulbasit ya karɓi wayar ya kira lambar. Sai a kira na huɗu wani ya ɗauka, da Hausar mutanen Nijar. Ya ce shi mai sayar da ruwa ne a wurin, yaron ya roƙe shi aron waya tun ranar Laraba, bai sami damar turawa ba sai yau. Ya ce an tura su ranar Alhamis. Abdulbasit ya tambaye shi ko sun isa. Ya ce shi bai sani ba, wanda ya isa shi yake kiran gida da kansa. Ya kashe.

Asiya, matar Dabo, tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da suka shiga. Ta saurari saƙon har ƙarshe, ta ce a sake sa mata. Ba ta yi kuka ba, kamar yadda aka roƙe ta. Ta ajiye rariya ta dubi mijinta.

"Malam, shekara nawa ina ce maka bakin uba ba abin wasa ba ne?"

Da ma ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Washegari bayan la'asar ya tsaya har masallaci ya watse, ya matsa kusa da liman, Malam Sama'ilu. Ya tambaye shi ko addu'ar da mutum ya yi da wasa ana ɗaukar ta. Liman ya ce Allah zuciya yake dubawa, kuma ya san abin da Dabo ya nufa, kada ya ɗora wa kansa abin da aka riga aka rubuta. Dabo ya jinjina kai ya ce, "Allah ya ga zuciyata, Malam. Yaron kuwa bakina ya ji." Liman ya ce za a sa yaron a addu'a bayan kowace salla. Ana yi kuwa.

Huseina, wadda ta gama jami'a bana tana jiran a tura ta hidimar ƙasa, ita take bin labarai a waya. Abin da ta gani ba duka take faɗa ba, amma Dabo yana karanta fuskarta. Ita ta gaya masa cewa lambar Italiya da uku da tara take farawa. Ya ɗauki gawayi ya rubuta a jikin allon da yake rubuta wasannin mako, a can sama, inda ba a gogewa.

Bai rufe gidan kallo ba, don a nan ne waya ta fi kamawa, a nan kuma ake cajinta. Yana kunna ƙaramar talabijin kamar kullum, sai dai mutane sun lura ba ƙwallon yake bi ba. In an nuno 'yan kallo, ko bakin titi a wajen filin wasa, sai ya matso da fuskarsa. Gero ya nuna a gonar da Najib ya nome, maƙwabta ne suka taru suka girbe masa. Ranar Asabar wani baƙo da ya zo biki ya shiga kallo, ya ga ƙaramar talabijin, ya ce wai me ya sa ba a cika ganin 'yan Italiya a Ingila ba. Samari suka sunkuyar da kai. Abdulbasit ya ce masa, "Malam, kalli wasanka." Mai shayi ya kawo wa Dabo kofi, ya tsaya kaɗan kamar mai jiran wata magana, sannan ya tuna ya wuce.

Yau kwana goma sha biyu ke nan da aka ce an tura su. Lambar mai ruwan ta daina shiga. Wayar Huseina tana aljihun Dabo na ƙirji, a kunne, kuma har yanzu babu lamba mai farawa da uku da tara da ta kira.