Malam Bawa da Lambun Bayan Makaranta

Ina tsaye ana yi mini lodin albasa da hantsi wayata ta yi ƙara. Nasiru ne, babban ɗan Malam Bawa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Alhaji, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar motar da lodinta na nufi garinmu Garbadu, na tarar har an yi masa sutura.

Malam Bawa shi ya koya mini karatu a firamare. Karatuna bai yi nisa ba. Daga aji uku na sakandare na faɗa kasuwa da kwandon tumatir a ka, kuma alhamdu lillahi yau kayana har kudu suke zuwa, ba da gadon kowa ba. Amma in Malam ya shigo rumfata, tashi nake in ba shi kujera. Shi kuwa bai taɓa ce mini Alhaji ba. Sanusi nake a bakinsa har ya bar duniya.

Bayan ya yi ritaya, wata rana ya same ni ya ce, "Sanusi, ka taɓa tsayawa ƙofar makaranta lokacin tara?" Na ce a'a. Ya ce, "Tahi ka gani. Ƙasar da ke cika motoci da karas da kankana, ɗiyanta biskit da lemun leda suke karyawa da shi."

Gaskiya ya faɗa. Mu nan, mai kyau mota yake shiga, ragowar a zuba a miya. Yaro ba ya ganin kayan lambu sai sun narke a tukunya. Kwaɗon rama da na zogale kuwa, yara maza sun ɗauke shi abincin mata, 'ya'yan masu hali kuma suna ganin abincin rashi ne.

Ina da fili a jikin katangar makarantar, na saye shi don in gina rumbun ajiyar albasa, har na sauke bulo. Filin nan Malam ya zo aro don ya yi wa yara lambu. Na ce, "Malam, bana zan tashi ginin nan." Ya ce, "Awo, na ji. Kafin ka samu birkila mun cinye latas ɗinmu."

Bai taɓa ce wa yaro ci ba. Kowane yaro ya yanka masa fangalinsa, ya ba shi iri, shi zai yi ban ruwa. In kaya sun nuna sai Malam ya tumɓuke karas daga nasa fangalin, ya wanke, ya zauna yana gatsa a gabansu yana lumshe ido. In yaro ya miƙo hannu sai ya ce, "A'a, wanga nawa ne. Ina naka?" Ranar Alhamis kuma da kansa yake kwaɗa rama da ƙuli-ƙuli, ya zauna tsakiyar yara maza da farin gemunsa ya sa hannu. Wa zai sake cewa na mata ne?

Autata Hafsatu tana aji biyu lokacin. Ko ganye ta gani a miya sai ta tsince shi. Na dawo gida wata la'asar na same ta ta tsare uwarta a kan alayyahon da ta yanko, tana cewa, "Inna, kada ki bari ya dahu ya mutu, Malam ya hana." Ta cinye, ta suɗe kwano. Yaran da iyayensu suka baro Gidan Goga saboda rashin tsaro, su ya fara ba fangali, tun kafin su samu benci a aji. Yakan ce yaron da aka raba da gonar ubansa, a ba shi ko taku ɗaya na ƙasa ya ce nasa ne.

Haka shekaru suka yi ta wucewa, bulona na jibge a gefe. Bara albasa ta ruɓe mini ba kaɗan ba don rashin wurin ajiya. Na je na gaya masa kai tsaye cewa in an cire kayan rani zan karɓi filina. Har yau ban ga laifina ba, ɗan kasuwa ne ni, da iyali a wuyana. Shi ma bai ga laifina ba. Cewa ya yi, "Filinka ne, Sanusi. Ka yi mana haƙuri da yawa." Ko da na je duba shi yana kwance, bai ɗaga maganar ba. Abin da ya ce kawai, tumatirin 'yan aji uku ya yi nauyi, a kafa masa sanda.

A wurin zaman makoki hedimasta ya matso kusa da ni ya ce, "Alhaji, yara sun kwashe kayansu daga lambun tsaf. Malam ya tara su tun kafin ya kwanta, ya ce aro ne, mai shi ya nema, kada wanda ya je ya roƙe ka."

Mutum yana ciwon ajali, amma tunaninsa kada a sa ni jin kunya.

Washegari na kira birkila. Bulon nan katanga za a zagaye lambun da shi saboda awaki, kuma na sa liman da mai unguwa sun shaida na bar wa makarantar filin, Allah Ya kai ladan ga Malam. Albasa za ta samu wani wuri. Hedimasta ya ce yara sun fara tambayar iri.

Allah Ya jiƙan Malam Bawa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa, Ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Allah Ya ba matarsa Inna Hajara da Nasiru da ƙannensa haƙurin wannan rashi, Ya tsare bayansa, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Yaran da ya bari da fangalinsu, Allah Ya raya su cikin ƙoshin lafiya. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.